Labarin Tafiye-tafiyen Masu Koyon Dambe da Kokawa a Ƙasar Hausa

Ko wace sana'a tana da wurin da a ke zuwa a koye ta. Mai son ƙira ya kan zauna a maƙera, mai son rini ya tafi karofi, mai son karatu ya durƙusa gaban malam a zaure. A waɗansu ƙasashe har faɗa ma an gina masa makaranta. A Japan, wani malami wai shi Jigoro Kano, wanda sunansa bai haɗa kome da birnin Kano ba, ya kafa makarantar irin kokawarsu da a ke kira judo a birnin Tokyo cikin shekarar 1882, har yanzu kuwa mutane suna tasowa daga ƙasashe masu nisa su je can neman sani. Amma dambe da kokawa na ƙasar Hausa, mutanen da ba su gina musu soro sun ce nan ne makarantarsu ba. Wanda ya ke son ya iya su, tilas ya naɗe buzunsa ya bi hanya, gama malamansa a warwatse su ke cikin garuruwa, babban darasinsa kuwa yana hannun mutumin da bai taɓa gani ba.

Saboda haka nisan da ɗan dambe ya ke iya tafiya shi ne iyakar abin da zai iya koyo. Nisan nan kuwa bai tsaya wuri guda ba. Ya kan ƙaru sa'ad da hanya ta yi lafiya, ya ragu sa'ad da ta ɓaci. Tun da ya ke gyaran hanya, da tsaron kasuwa, da saukar baƙi suna cikin ayyukan da ma'aikatan En'e suka riƙe shekaru masu yawa, ya kamata labarin nan ya sami wuri cikin littafin tunawa da su.

Mahauta da Kaka

Dambe dai an fi saninsa da mahauta, watau Rundawa, kiɗansa kuwa kalangu ne, wanda shi ne kiɗan mahauta tun asali. Kokawa ta fi zama wasan manoma, ko wane ƙauye da nasa gwanaye. Dukansu biyu lokacinsu guda ne, watau kaka, sa'ad da aka yanke gero, aka kai dawa rumbu, ciki ya cika, hannu kuma ya sami abin kyauta. A lokacin nan ne ƙauyuka su kan yi kalankuwa da bukukuwan aure, ko wane buki kuwa yana bukatar nama. Sai mahauta su kora dabbobinsu su bi ƙauyuka da kasuwanni, su yi yanka da safe, su sayar da tsire da balangu da rana, in la'asar ta yi sanyi a share dandali, makaɗa su goce da kiɗa, samarinsu su fito su tari samarin garin.

Ta haka sana'ar fawa ta ɗauki dambe ta yawata da shi. Kasuwannin ƙasar Hausa yawancinsu ko wace da ranarta cikin mako, mahauci kuwa ya san su duka, ya san wadda ke ci ran Lahadi da wadda ke ci ran Laraba. Yaron da ke riƙe masa igiyar akuya, shi ne kuma ke riƙe wa ɗan damben gidan zare. Kafin yaron nan ya isa ɗaure hannu, ya riga ya ga fage goma ko ashirin, ya ga yadda gwanin wannan gari ke tsayuwa, da yadda na wancan ke kai naushi.

Yadda Yaro ke Koyo

Farkon koyo a gida ne. Yara su kan naɗe hannu da tsumma su yi ta gwadawa a dandali da farin wata, manya na kallo suna dariya. Wanda aka ga yana da zuciya, ba ya runtse ido in an kawo masa hannu, shi a kan ce ya nemi ubangida. Daga nan tafiya ta soma, domin ba ko wane gari ke da gwanin da ya isa a bi ba.

In yaro ya sami ubangida, ba ran nan za a sa shi fage ba. Zai ɗauki kaya, ya ɗebo ruwa, ya yi aike, ya kwana bakin ƙofa. A hankali zai koyi ɗaurin hannu, yadda a ke naɗe dunƙulen da kara, sa'an nan a bi shi da zare har ya yi tauri kamar dutse. Hannun nan shi ne mashi. Ɗayan kuwa, wanda a ke miƙawa gaba a buɗe, shi ne garkuwa, da shi a ke tare naushi, a ke auna nisan abokin karo. Zai koyi kafa ƙafa, da sunkuyawa, da haƙurin jiran lokaci, gama yawancin wanda a kan kashe a fage garaje ne ya kashe shi. Kisa a bakin 'yan dambe shi ne a buge mutum har hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa. A kan yi turmi uku, in ba a yi kisa ba a raba su.

Duk wannan ubangida na iya koya wa yaro a tsakar gida. Abin da ba ya iya koya masa shi ne baƙon hannu. Yaron da ya saba da abokan wasansa biyar ya san ta inda ko wanensu ke fitowa, har ya kan ɗauka ya gama iyawa. Ran da ya gamu da bahago daga wata ƙasa, ko dogo mai dogon hannu wanda ba a iya kusantarsa, ko gajere mai shiga ƙarƙashi, ran nan zai san gaba da gabanta. Don haka ne ubangida na kirki ba ya barin yaronsa ya zauna gida da kaka. Ya kan tasa shi gaba gari gari, yana zaɓar masa abokin karo daidai ƙarfinsa, yau wanda zai iya kashewa don zuciyarsa ta yi ƙarfi, gobe wanda zai wahalshe shi don girman kai ya sauka.

Shaidar wannan tana nan cikin sunayen 'yan dambe har yau. Da wuya a kira ɗan dambe da sunan yanka. Sai a ji Shagon wane, ko Bahagon wane, ko Autan wane, ko Dogon wane, watau an liƙa sunansa da na ubangidan da ya yaye shi. Mutum na iya zama haifaffen wannan ƙasa, sunan da ya ke amsawa kuwa na wani gwani ne na wata ƙasa mai nisa. Wanda ya iya sauraron sunayen nan ya kan gane inda ƙafar ko wane yaro ta kai shi.

Zamanin da Hanya ke da Tsoro

Tsohon labarin damben Hausa da aka rubuta, wanda aka fi sani, na wani Baturen Ingila ne, Kyaftin Clapperton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi. Ya iso Kano cikin watan Janairu na 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Tun kafin ya ga 'yan damben Hausa ya sha jin labarinsu, saboda haka ya aika aka kira su, ya sa musu ladan wuri 2,000, ya kuma hana a yi faɗan gaske, domin an gaya masa a kan yi kisan rai a wasan. Suka zo da makaɗa biyu, mahautan gari na biye da su. Ya ga yadda a ke watsa ƙasa don 'yan kallo su ja da baya fage ya buɗe, da yadda ko wane ɗan dambe ke fitowa da warki yana kirari, da yadda a ke naɗe hannun dama da sawayen ƙasa tun daga yatsu har zuwa damtse. Ya kuma lura da wani abu: in aka fito da mutum biyu, aka tarar abokai ne, sai su haɗa ƙirji su rabu ba faɗa. Waɗanda ba su san juna da abota ba su ne ke karawa. Ashe tun shekaru 200 da suka wuce, dambe baƙo ya ke nema.

Amma samun baƙon a wancan zamani da wuya ya ke. Shi kansa Clapperton da ya tashi daga Kano cikin watan Fabrairu, sai tsakiyar Maris ya shiga Sakkwato, wajen mako uku ke nan a hanya, dajin Gundumi kuwa bai ratsa shi ba sai da rakiyar mahayan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko masa. In baƙon sarki ya bukaci rakiya haka, ina ga yaron mahauci mai tafiya da ƙafa? Cikin ƙarni na 19 mayaƙan Maraɗi da na Gobir suna kawo hari ƙasar Katsina da Zamfara, Ningawa suna kawo nasu kudancin Kano da gabashin Zazzau, sa'an nan Basasar Kano ta auku daga 1893 zuwa 1895. Wanda aka tsinta shi kaɗai a daji ana iya kama shi a sayar. Tafiya mai nisa sai cikin ayari, ƙarƙashin madugu, kamar ta fataken goro masu zuwa Gwanja, su kuwa watanni su kan yi kafin su komo.

Saboda haka mai koyon dambe na wancan zamani, galibi yawonsa bai wuce garuruwan da ke ƙarƙashin sarki guda ba, inda zai tashi da asuba ya kai zango kafin rana ta yi zafi, tafiyar mil 15 ko abin da ya yi kusa da haka. Gwanin gari ya kan tsufa ya mutu bai taɓa haɗuwa da takwaransa na wata ƙasa ba, sai dai labari da fatake ke kawowa.

Zamanin En'e da Jirgin Ƙasa

Turawan Ingila sun ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato cikin Maris na shekarar. Abin da ya biyo baya yana da ɗaci ta fuskoki da yawa, amma ta fuskar hanya an sami sauyi: hare-hare suka ƙare, kamun bayi ya mutu a hankali, mutum ɗaya ya iya ratsa dajin da da sai ayari. Aka shirya mulkin ƙasa bisa hannun sarakuna, aka kafa Baitulmali, hakimai suka fita daga birane suka zauna a gundumominsu. Daga kuɗin Baitulmali, da kuma guminsu talakawa, aka share hanyoyin mota, aka yi kwalbatoci, aka haƙa rijiyoyi, aka gina rumfunan kasuwa.

Sa'an nan ga jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano cikin 1911, ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929, ya kai Nguru cikin 1930. Tsakanin Kano da Ikko wajen mil 700 ne bisa dogo, tafiyar da ta kan ci fiye da wata guda a ƙafa ta komo ta 'yan kwanaki. Cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano tun daga 1912, sule da kwabo suka maye gurbin wuri, manomi ya sami abin da zai yi wa gwaninsa kari a fage. Shanun Arewa kuma suka yi ta gangarawa Kudu, waɗansu a ƙafa, waɗansu a tarago, inda shanu suka tafi kuwa can mahauci zai bi. Aka kafa unguwar Sabo a Badun cikin 1916, Hausawa suka yi zango a Agege da sauran garuruwan Yarabawa, kamar yadda suka daɗe da yi a Salaga da Kumasi. Ko wane zango da Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango, da mahautansa, da makaɗansa. Samari masu cin rani suka riƙa tafiya bayan kaka su komo da faɗuwar ruwa, a cikinsu kuwa ba a rasa masu zare a aljihu.

A nan ne aikin ma'aikatan ƙasa ya shafi wasan, ko da ya ke ba a rubuta shi cikin littafin ko wane ofis da sunan dambe ba. Baƙi ba su sauka a gari su buga kalangu sai da sanin mai gari. Sarkin Pawa shi ne mai masaukin 'yan dambe bisa al'ada, shi zai kai maganarsu gaba, shi za a tambaya in wani abu ya ɓaci. Dogarai, daga baya kuma 'yan doka, su ke tsare taro kada wasa ya rikiɗe ya zama faɗan gari da gari, gama ba a rasa wanda zai ji zafin an kashe gwaninsu a gaban 'yan matan garinsu. In an ji rauni, ga ɗakin magani na En'e. In an yi rigima, ga alƙali. Uban da ya san ɗansa zai sauka hannun Sarkin Pawan wani gari, kuma akwai hukuma a garin, shi ne ke yarda ya bar shi ya tafi.

Ko zumuncin sarakuna ya buɗe wa wasan ƙofa. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, bayan tsohuwar gaba da ke tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, aka yi masa su a kogi don girmamawa. Daga nan bukin kamun kifi na Argungu ya samo tushe, daga baya kuma dambe da kokawa suka shiga cikin wasanninsa, jikokin waɗanda suka yi yaƙi da juna suka riƙa gamuwa a fage su rabu lafiya.

Makaɗa

Ba hanya kaɗai ke jan yaro daga gida ba, sai ya ji sunan wanda zai tafi wurinsa. Wannan kuwa aikin makaɗa ne. Makaɗin dambe tafiya ya ke yi tare da gwaninsa, yana zuga shi a fage, yana kuma ɗauke da labarin kisan da ya yi zuwa gari na gaba. A cikinsu ba wanda ya kai Muhammadu Bawa Ɗan Anace suna, mutumin ƙasar Sakkwato, wanda ya yi wa Shago waƙa, ya yi wa Ɗandunawa. Da gidajen rediyo suka kafu, faifai da kaset suka yawaita, sai muryarsa ta kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Yaro na zaune a ƙauyen da bai taɓa ganin Shago ba, amma ya san kirarinsa, ya san garuruwan da ya yi kisa. Da yawa daga cikin waɗanda suka bar gida neman dambe, waƙa ce ta fara tashinsu.

Ba kowa ne ya yi murna da wannan tashi ba. Malamai da yawa sun ƙi wasan saboda layu da kambuna da tsafe-tsafen da ke biye da shi, da cuɗanyar maza da mata a dandali. Iyaye kuma suna da nasu dalili, domin sun ga waɗanda suka komo ba haƙora, ko da karyayyen muƙamuƙi, ko da ido guda, sun kuma ga waɗanda yawo ya ɗauke ba su komo gona ba. A zamanin da har akayau a kan ɗaura a ƙafa, waɗansu kuma su kan barbaɗa wa zare garin kwalba, sai da aka hana. Saboda haka sau da yawa nisan tafiyar yaro ba neman gwani kaɗai ne ba, har da neman inda idon mahaifinsa ba ya kaiwa.

Kokawa a Ƙasar Nijar

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba ƙasar Hausa biyu, amma ba ta raba fage ba. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai mil 60 ba, 'yan kokawa da 'yan dambe kuwa ba su fasa ƙetarawa ba. Sai dai a Nijar kokawa ce ta yi rinjaye, har gwamnati ta ɗauke ta ta mai da ita wasan ƙasa. Cikin 1975, zamanin Shugaba Seyni Kountché, aka yi gasar farko ta ƙasa duka a Tawa, aka sa takobi ya zama abin da a ke ba wanda ya yi nasara. Yakuba Kantu na Maraɗi shi ya fara ɗaukarsa. Tun daga nan gasar ta riƙa zagaya manyan garuruwan jihohi, aka gina filayen kokawa dominta.

Wannan ya sauya tafiyar mai koyo. Da can shi ke bin gari gari da kansa, yanzu kuwa akwai matakala: ya yi fice a ƙauyensu, a kai shi gunduma, daga gunduma a zaɓe shi cikin goman da za su tsaya wa jiharsu, a tara su wuri guda a horar da su kafin ranar gasa. Jihohin takwas ne, watau Agadas, da Difa, da Doso, da Maraɗi, da Tawa, da Tilaberi, da Damagaram, da Yamai. Ɗan kokawar Difa, in gasa ta faɗa Yamai, zai yi tafiyar da ta fi mil 800 kafin ya sa ƙafa a fage. Can zai kama jikin Bazabarme da na Ba'adare da na Babarbare, ya koyo kamun da ba a yi a garinsu. A Nijeriya ma an fara gasar wasanni ta ƙasa a Ikko cikin 1973, daga baya aka shigar da dambe da kokawa da langa cikinta.

Masu Ƙetare Teku

Akwai kuma waɗanda neman gwaninta ya fitar da su daga Afirka ɗungum, su ne masu damben Turawa da irin faɗan mutanen Asiya. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya tafi Libaful ta ƙasar Ingila a farkon shekarun 1950, domin a can ne masu horarwa da abokan karo su ke, cikin 1957 kuwa ya zama zakaran duniya na ajinsa a birnin Faris. Dick Tiger ya bi sawunsa zuwa Libaful cikin 1955, shi ma ya zama zakaran duniya cikin 1962. A Nijar, Isaka Dabore ya ciwo lambar tagulla ta dambe a wasannin Olamfik na Munik cikin 1972. Bayan shekara 44, Abdurrazaƙ Isufu Alfaga, wanda ya koyi taikwando, watau faɗan ƙafa na mutanen Koriya, ya ciwo lambar azurfa a Riyo ta ƙasar Barazil cikin 2016, ya kuma zama zakaran duniya cikin 2017. Shi kuwa ya yi koyo a Togo yana yaro, sa'an nan ya tafi Jamus ya zauna wurin masu horarwa.

Mutanen nan sun tafi a jirgin ruwa da na sama, yaron mahauci ya tafi a ƙafa, amma dalilin tafiyar guda ne. Ko wanensu ya kai inda ba sauran wanda zai koya masa kome a gida, ya kuma gane tafiya mabuɗin ilmi ce.

Bayan En'e

Bayan juyin mulkin 1966 aka shiga karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai daga hannun En'e ana mai da su hannun gwamnati, cikin 1976 kuma aka yi gyaran da ya kafa ƙananan hukumomi a madadinta. Dambe kuwa ya ci gaba da bin hanyoyin da aka share masa. Ya tashi daga wasan kaka ya zama sana'ar shekara duka. Aka buɗe gidajen dambe inda a ke biyan kuɗin shiga, a Kano, da Sakkwato, da Gusau, da Kaduna, da Dei-Dei da Maraba a gefen Abuja, har Alaba Rago a Ikko. Ba mahauta kaɗai ke yinsa ba yanzu, duk mai zuciya na iya ɗaure hannu. 'Yan wasa sun kasu ɓangare ɓangare, Kudu da Arewa da Guramaɗa, ko wane ɓangare da manyansa masu karɓar yara. Yaro na iya tasowa daga wani ƙauyen Zamfara ko na Damagaram, ya kwana biyu a mota, ya sauka gidan dambe a Ikko, ya sami tabarma a rumfar mutanen ɓangarensu, ya soma da ɗebo ruwa da riƙon zare kamar yadda na farko suka soma. Wayar hannu kuma ta karɓi rabin aikin makaɗi, gama kisan da aka yi a Kano da la'asar, kafin isha an gan shi a Kumasi.

Sai dai abin da ya taƙaita tafiyar mutanen da ya sake ɗagowa. Cikin shekarun da suka biyo bayan 2011, ɓarayin daji suka yi ƙarfi a Zamfara, suka bazu zuwa Katsina da Sakkwato da Kaduna, dajin Rugu da makamantansa suka koma abin tsoro kamar yadda Gundumi ya ke zamanin Clapperton. Ƙauyuka da yawa sun watse, kasuwanni sun mutu, inda ba a yi noma ba kuwa ba a yin kalankuwa. Ƙasashen nan su ne mahaifar manyan 'yan dambe. Gidajen dambe na birane suna cika, amma dandalin ƙauye, inda yaro ke fara naɗe hannu da tsumma, shi ne ke yin shiru a wurare da yawa.

Wanda ya duba labarin nan tun daga farko zai ga gwanintar fage tana rataye da aikin waɗansu mutane da ba a yi musu kirari: mai unguwar da ya karɓi baƙi, da Sarkin Pawan da ya ba su masauki, da dogarin da ya tsare taro, da leburan da ya cike ramin hanya, da malamin da ya rubuta kuɗin aikin bai ci ba. Makaɗa ba su ambaci sunansu ba, amma da ba su yi nasu ba, da Shago bai wuce gwanin garinsu ba. Waɗanda suka gaji kujerunsu a masarautu da ƙananan hukumomi sun gaji wannan nauyi tare da kujerun.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin ma'aikatan ƙasa, ya ba na baya ikon riƙon amana, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya kai ko wane matafiyi inda ya nufa, ya komo da shi gida. Amin.